Ranar da Na Rataya a Ɗaki

Ni ne mai haɗa sola a Runjin Sambo.
A kan rufin kwano nake kama rana,
in ɗura ta a batir kamar man shanu a kwalba,
in sayar wa mutane su kunna da dare.
Sakkwato kuwa ba ta rowar rana.

Da Luba ta sauka, wata Laraba,
na ce ɗakin 'yata ba zai san duhu ba.
Na maƙala ƙwai uku, farare fat,
ko allura ta faɗi sai an gan ta.
'Yan barka na cewa,
kai, gidan Buhari ne ko asibiti?
Ni kuma ina ta washe baki.

Aka raɗa suna, Rumasa'u.
Aka yi arba'in, aka kife tukunyar wanka.
Wata uku, wata huɗu,
yarinya ba ta raba Magariba da Asuba.
Ƙarfe biyun dare idonta ƙyar a kan ƙwai,
tana harba ƙafa, tana yi wa rufi gwaranci.
Hantsi ya dubi ludayi, ita tana sharar barci.
Luba ta faɗa, ido ya zurma,
nono a bakin 'ya, waya a hannun uwa,
shuɗin haske na wanke fuskokinsu biyu.

Mun karɓo rubutu, mun yi turare,
mun sauya katifa, mun zargi kambun baka.
Ban taɓa ɗaga kai sama ba.

Sai Inna Tumba ta zo daga Wurno
da ƙullin kuka da 'yar albasa.
Dare ɗaya ta yi, fuska a cikin mayafi.
Da safe ta ce,
"Buhari, mi ɗiyag ga tay yi maka
da kah hana mata dare?
Ko kaza ba ta shiga akurki
sai ta ga rana ta faɗi."
Na yi dariya. Tsofaffi da tsoron sabon abu.

Ranar awo, malamar asibiti ta saurare mu,
ta ajiye biro, ta ce,
akwai agogo a jikin jariri,
ba a haifar sa a saice, ido ne ke saita shi.
Haske ya ce tashi, duhu ya ce kwanta.
Abin da ke jawo barci
sai duhu ya yi yake tsattsafowa, kamar raɓa.
A ƙarƙashin ƙwanka raɓar ba ta sauka.

Ban ce uffan ba har gida.
Na jingina tsani, na kwance biyu.
Na ukun na sauya da ɗan ja,
can ƙasa, bai fi garwashi ba.
Waya ta koma kwana a zaure.
Da safe Luba ta fito da ita gindin darbejiya
ta gaisa da ranar Allah.

Ba dare ɗaya aka yi ba.
Ta yi kuka, mun yi jayayya,
sau biyu hannuna na kai wa makunni.

Dare na goma sha biyu
shiru ne ya tashe ni.
Na lallaɓa, na kai kunne ga hancinta.
Numfashi a hankali, hannu a dunƙule,
uwarta har da ɗan minshari.

Na fita tsakar gida ba takalmi.
Ashe kaza da 'ya'yanta na nan a sama
inda na bar su tun ina yaro.

Gobe akwai aiki a Mabera.
Mai gidan na son ƙwai shida,
matarsa ta shiga watan haihuwa.
Zan haɗa masa, abincina ne.
Amma kafin in nuna masa yadda ake kunnawa
zan kama hannunsa
in nuna masa yadda ake kashewa.