Gaba Ashirin da Bakwai

Ni mai haƙar rijiya ne.
Shekara talatin ina shiga ƙasa da igiya a ƙugu,
daga Tibiri har Jiratawa
ba garin da bai sha ruwan hannuna ba.
Na san jan yashi, na san farar laka,
na san tsakuwar da ke cewa ruwa ya kusa.
Gaba ashirin da bakwai, iyakar zurfina ke nan,
abin da na tarar a can kuwa sanyi ne.

Sai ga Barira ta dawo daga lakwal
da littafi mai kunnen akuya, bangonsa ya sha hannu.
Madam Zuwera ta ara mata, kwana uku kacal.
Ta shimfiɗa shi kan tabarma, ta danne da gwiwa,
ta ce, Baba, duba abin da ke ƙarƙashinmu.

Na duba.
Dutse ne ya buɗe baki yana aman wuta,
jan abu na gangarowa kamar talge ya fi ƙarfin tukunya.
A ɗaya shafin, hanya ta tsage biyu,
mota ta tura hanci a ciki,
wani kare na tsaye yana kallo.

Na ce, wanda ya zana wannan ya taɓa riƙe diga?

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.
Ta ɗauko ƙwaryar uwarta, wadda gyartai ya ɗinke sau uku,
ta kife ta a gabana.
Ta ce, haka duniya take, ɓari-ɓari ce,
a bakin ɗinkin nan ne ake girgiza.
Ta sa yatsa a tsakiyar wani ɓari mai faɗi:
mu muna nan, nesa da zare.
Rijiyarka kuwa, Baba,
ko ƙaiƙayin bayan ƙwaryar ba ta huda ba.

Maganar ta zauna mini kamar ƙayar kifi.

Inna Tsahara na gefe tana ɓarar gujiya.
Ba ta ɗaga kai ba ta ce,
mu ƙasa ba ta taɓa motsa mana ba,
gulbi ne ya tashi da dare ya ci tsohon gari,
iyayenmu suka hau tudu da tukwane a ka.
Kowa da ta inda ake zo masa.
A tambayi mai littafin ko ya san wannan.

Barira ta juya shafi, ta juya, ba ta samu ba.
Ta ɗauko bik ta rubuta a bayan kayenta:
Gulbin Maradi.
Ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da safe na sauka rijiyar wani lambu a Sumarana.
Ɗan Jimma na sakin igiya,
bakin rijiya na ƙanƙancewa har ya koma kamar dala.
Da ƙafata ta taɓa laka
sai na aje diga, na ɗora tafin hannu a ƙasa,
kamar mai duba goshin yaro da dare.

Sanyi dai.

Amma na daɗe a durƙushe.
Wata babbar mota ta wuce can sama,
yashi ya zubo mini a wuya, tsinke-tsinke,
na ji zuciyata ta buga sau ɗaya ba a kan layi ba.
Ɗan Jimma ya leƙo: Lafiya, maigida?
Na ce, lafiya lau, ina gaisuwa ne.

Gobe littafin zai koma.
Daren nan na sayo sabon batir na sa a fitila.
Akwai shafin da ke nuna wuta tana fita daga cikin teku,
na ce sai ta sake karanta mini shi,
a hankali,
don har yanzu ban yarda ba.