Yatsan Wani a Rufin Ikko

Sun ce mini aikin wata uku ne.
Ga damina ta biyu ta same ni
kwance rigingine a kan katako,
tsakanin hancina da rufin nan taƙi ɗaya,
kamar mai jiran wanzami.

A ƙasa Ikko na ta hayaniyarta,
kwandasta na kiran Obalende, janareta na tari.
Nan sama ba mai aiki da dare sai gishiri.
Daga teku yake hawowa, ba ya neman tsani,
ya shiga yaɓe, ya kumbura shi kamar maruru,
da safe ya zuba mana gari a gira.

Madam Morenike ta miƙo mini 'yar aska da tsinken auduga,
ta ce, "Jatau, kada ka gyara abin da bai roƙe ka ba."
Na yi dariyar ciki. Ni jikan magina ne.
A Zariya kakana da tafin hannu yake zana bango,
in ruwa ya cinye, ya sake kwaɓa ƙasa, ba ya zaman makoki.
Nan kuwa in ɓarɓashi ya faɗo
sai a tare shi a takarda,
a ba shi lamba kamar fursuna.

Na ƙirga fenti, hawa bakwai.
Farin 'yan haya a sama,
koren zamanin da gidan ya zama ofis,
wani ruwan ƙasa na marowaci, shafa ɗaya ya yi ya tafi.
Can ƙarƙashi sai shuɗi,
irin wanda ko Idumota ka zaga ba ka samu,
da furanni, kowane da leɓen zinariya
da ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba.
Ka yi atishawa, ka ɓarar da shekara ɗari.

Na koyi haɗiye tari.
Na koyi yi wa bango allura,
ɗigon ƙaro a bayan fatar da ta saki,
in danna, in jira,
kamar mai lallashin yaro ya sha maɗaci.

Wata Laraba, bayan la'asar,
a bayan ganye na goma sha ɗaya,
inda idon na ƙasa ba ya kaiwa,
na tarar da babban yatsa.
Shatinsa ne, tun yaɓen na ɗanye.
An ce maginan daga hayin teku suka dawo
da sunayen da ba iyayensu suka raɗa ba.
Sunan mai gida na bisa ƙofa da manyan baƙaƙe.
Shi wannan yatsa kawai ya bari,
da ɗan tabo a tsakiya, ko na wuƙa, ko na ƙusa.

Na ɗora nawa a kai.
Nasa ya fi faɗi.

Kolade, mai miƙo mini kaya, ya leƙo:
"Oga, a cike ramin?"
Na ce, "Bai roƙe mu ba."

In an gama za a kunna fitilu,
manya su shigo cikin leshi da turare,
su ɗaga kai su ce, kai, kamar sabo!
Ba za su ga inda na tsaya ba,
an ce shi ne iyawa.
Ni zan bi motar Agege, wuya a sage,
da ƙurar zinariya a ƙarƙashin farce
wadda ba ta sayen ko kofin shayi.
Alwalar magariba za ta tafi da ita.