Fadar Baba Barau

An ɗauke wuta tun la'asar a Kakuri,
sai hasken wayata a tafin Baba Barau.
Ya ce, "Koma baya, nuna min dutsen nan."
Ga ganuwa ta kwanta a gadon bayan tsauni
kamar ƙadangare mai shan hantsi.

Shi bai hau ba.
Yana kwance a asibiti, ɗinki sha ɗaya a kwiɓi,
likita ya ce in fita in sha iska,
na fita ina jin kunya, Jaipur ta buɗe min baki.

Na ce, Baba, ƙofar nan giwa ke ratsa ta,
mahayinta bai sunkuya ba.
Matakala ta cinye min gwiwa.
Jagoranmu Girdhari, rawani ruwan gangamau,
ya kai mu ɗakin da aka lulluɓe da madubai,
ƙanana, kamar ɓawon kifi.
Ya ce ashana guda in ka ƙyasta a nan
taurari dubu za su sauko su kwana da kai.
Na ga fuskata ta farfashe a rufi,
kowane gutsure yana tunanin kuɗin magani.

Wannan kuma gidan iska ne,
tagogi jere kamar saƙar zuma,
matan sarki na leƙen kasuwa, kasuwa ba ta ganinsu.
Can wurin bautarsu ne. Ban wuce bakin ƙofa ba.
Takalma a zube, ƙararrawa, hayaƙin turare,
tsohuwa na tsire furanni a zare,
biri ya fizge min ƙullin gyaɗa
ya hau soro yana ɓarewa yana kallona.

Baba ya ce, "To su wa ke kwana a ciki?"
Na ce, tantabaru. Da jemagu.
Ya yi dariya har ya dafe ɗinki.
"Gobe ka tashi da wuri, in kai ka tamu fadar."

Da safe, sanda a hannu, muka tsallake layin dogo.
Ƙofar masaƙa ta yi tsatsa, gamba ta kai ƙirji.
Maigadi ya karɓi na goro, ya kau da kai.
Yau Baba ne jagora, ba rawani, sai hular sanyi.

"Nan jiniya ke kuka ƙarfe shida,
kekuna su cika titi kamar fari.
Nan ruwan rini ke gangarawa kogi,
yau shuɗi, jibi ja.
Nan wani Ba'indiye mai sanƙo, Kulkarni,
ya koya min sauraren inji:
ka dafa sukundireba a ƙarfe, ka kara kunne,
ciwon da ke ciki zai gaya maka sunansa."

Muka shiga babban zaure.
An kwashe injuna, an sayar a kilo,
sai ƙusoshi a siminti kamar haƙoran tsoho.
Kwano ya huhhuje, rana na ɗigowa ta kowace kafa,
ɗigo ɗari, ɗigo dubu, a ƙasa, a rigarsa, a gemu.
Ban ce komai ba game da ɗakin madubai.

Ba mai sayar da tikiti a nan.
Ba baƙo mai kyamara, ba allon tarihi.
Tantabara ta tashi, ƙura ta biyo ta.

Ya ƙirga taku daga ginshiƙi,
ɗaya, biyu, har goma sha huɗu, ya tsaya.
Ya miƙo min sandar.
"Ɗauke ni a nan. Shekara ashirin da shida."
Na ɗaga waya.
Bai kalle ni ba.
Yatsunsa sun riga sun shiga iska,
suna laluben bakin zaren da ya tsinke,
suna ƙullawa.