Abin da Ke Bayanmu

Da asuba a Punta Arenas, sanyi na cizon kunne,
Ximena Oyarzo ta hau jirginmu da tocila da kundi.
Ba ta ce mana sannu ba, ta wuce wurin igiya.

Waya ce ta ƙarfe, kaurinta ya kai wuyan hannuna.
Ta sa muka warware ta kaf,
tana binta da tsumma a tafin hannu:
inda tsumma ya maƙale, nan sili ya karye.
Ta ƙirga uku a wuri guda. Ta dube ni, na dubi ƙasa.
"A yanke nan," in ji ta, "teku ba ya jin magiya."

Ta nemi ta biyu, mai jiran ranar tsiya a naɗe.
Ta nemi takardar ƙarfin ja, ta shafa hatiminta.
Ta ƙwanƙwasa kowane mari da 'yar guduma
tana kasa kunne kamar mai sayen tukunya:
ƙarfe mai tsaga a ciki ba ya iya ɓoye murya.

Rigunan ruwa takwas, mu bakwai ne.
Kwalekwalen ceto, gatari, rediyo, wutar neman agaji,
man da zai kai mu har ya yi saura.
Sai ta ɗora yatsa kan jan maɓallin saki
ta ce wa Kyaftin Barría, "Danna in gani."
Ya danna, birki ya saki, waya ta zube.
Sannan ne kawai ta yi mana rabin dariya.

Abin da za mu ja tsohon jirgin kifi ne,
ba inji, ba mutum, ba ko ɓera a ciki,
gawa mai tsawon unguwa, za a kai ta Talcahuano.
Muka rataya mata baƙar alama ta rana,
muka kunna farare uku a kan sandarmu ta dare,
muka bar wata igiya na jan balo a bayanta
ko da ta farko ta ci amanar tafiya.

Kwana huɗu lami lafiya.
Waya ta yi ciki, ta nutse, haka ake so;
wadda ta miƙe sambal ita ce ke shirin kisa.
Duk bayan 'yan sa'o'i nakan saki taku biyu
don kada wuri ɗaya ya yi ta cin gugar baya.

A mashigin Penas iska ta juya.
Gawar ta farka. Ta bar sahunmu, ta yi dama,
ta ja wayar zuwa haƙarƙarinmu,
jirgi ya kwanta har kofuna suka bar maratayi.
Gajeriyar igiyar da ke danne waya a gindi
ita kaɗai ta tsaya tsakaninmu da kifewa,
tana kuka, tana tsiyayar da ruwa kamar jijiya.

A nan na hangi Fabián, ɗan wata uku a aiki,
ya sa ƙafa cikin lanƙwasar waya zai ɗauko safar hannu.
Ban kira sunansa ba, babu lokacin suna.
Na fizgo shi ta ƙeya muka faɗi tare,
wayar ta share inda yake tsaye kamar tsintsiya.

Ya tashi yana haki, yana neman safarsa.
Ban gaya masa zancen Remigio ba,
wanda ya tsaya a daidai wurin nan shekara goma sha tara da suka wuce,
wanda har yau nake biya wa matarsa kuɗin wuta.
Na ce, "Je ka sha shayi." Ya tafi.
Na zauna ina jin hannuna yana rawa shi ɗaya.

Kyaftin ya ƙara tsawon waya, ya rage gudu,
gawar ta gaji, ta koma layi.
Da gari ya waye na je na duba inda aka yanke,
wurin da tsumman Ximena ya maƙale.
Na shafa masa mai, na daɗe ina shafawa,
alhali ba ya bukata, gaskiya.