Hannun Gendhis

Ranar da dutsen Merapi ya yi tari,
toka ta sauka a Kotagede kamar garin shinkafa,
ta rufe kwanon rufi, ta rufe ganyen ayaba,
ta rufe kujerar babur ɗin babanta.
Kowa na neman ƙyallen toshe hanci,
ita kuwa, 'yar shekara biyar,
ta sa ɗan yatsa a kan kujerar
ta ja kifi mai gemu.
Na ce, "Gendhis, kifi ba ya gemu."
Ta ce, "Wannan tsoho ne, Inna."

Tana shekara tara na zaunar da ita gefena,
kakin zuma na narkewa a kan gawayi,
na miƙa mata ɗan cokalin tagulla mai bakin sauro.
Na ce ta busa kafin ta ɗora a farin yadi.
Ba ta busa ba.
Kaki ya ɗiga a bayan hannunta,
tabon na nan har gobe.
Ta yi kuka, ta rantse ta bar rini har abada.
Har abadan yaro kwana uku ne,
nata dai sai da ya ci shekara goma sha ɗaya.

Sai ta tare a rumfar Mbah Sastro,
tsohon da ke huda fatar ɓauna
ya fitar da jarumai masu dogayen hannaye,
waɗanda ba sa rayuwa sai tsakanin labule da fitila.
Wata shida ido kawai ya bari ta huda.
Shi ya gaya mata rami ma zane ne:
inda ka cire, nan haske ke bi.

Da aka kai tsohon makwancinsa,
ta bi makaɗan da suka saba zama a bayansa,
ta durƙusa gaban sandunan tagulla bakwai.
Dama na bugawa, hagu na bin sawu
tana danne sautin da ya wuce,
don kada jiya ta shiga bakin yau.
Har a kan kwanon abinci take yi,
har babanta ya daina faɗa.

Rawa kam ba ta karɓe ta ba.
Bu Ratmi ta ce gwiwarta ta mai dashen shinkafa ce,
ta ajiye ta a layin baya, kusa da ƙofa.
Wata takwas, ta fito da abu ɗaya:
ƙirga takwas kafin ta juya wuya.

Yumɓu ya biyo baya, can Kasongan.
Tukunya goma ta shiga wuta, uku suka fito.
Maƙwabta suka ce taura biyu ba ta taunuwa,
balle biyar.
Na yi murmushi a gabansu,
da dare kuwa nakan kwana ina lissafin kuɗin mota.

Jiya, bayan la'asar, ana yayyafi,
na dawo kasuwa na tarar an hura gawayina.
Tana zaune a kujerata, yadi a cinya.
Ta ɗebo kaki. Ta busa.
Na tsaya da kwandon a kai.

Layin ya tafi, ya tsaya, leɓenta na ƙirga takwas,
sannan ya juya wuya a hankali.
Hagu na bin dama daga ƙarƙashin yadi.
Ta bar fili a inda ni da zan cike,
ta danna babban yatsa tana jin kaurin zare
kamar mai gwada bakin tulu.

Shekara talatin ina wannan sana'a,
ban taɓa ganin kaki ya yi irin wannan tafiya ba.

Na leƙa ta kafaɗarta.
Kifi ne.
Gemun ya ƙara tsawo.
Ban ce komai ba,
na je na ƙaro gawayi.