Ragowar Shomolu

Ranar Talata nake zuwa Shomolu,
inda injuna ke tauna takarda suna tofar da gefe.
Baba Akanni ya san ni, yakan tara mini ragowar
a buhun shinkafa: ja, ruwan goro, fari mai sheƙi,
gefen katin biki,
gefen fostar ɗan takarar da bai ci ba.
Naira dubu. Wata rana ya ce in tafi kawai.

In dawo Agege a danfo, buhun a cinyata
kamar jaririn da wata ta ce riƙe mini.

Gam ya yi tsada, sitacin rogo nake damawa.
A garin nan abu ba ya bushewa da wuri,
iskar teku na lasar komai,
wanki kwana biyu, kati kwana uku.
Idan an ɗauke wuta sai in jera su kan murfin tukunya,
ɗumin tuwon dare ya ƙarasa mini aiki.

Almakashina gado ne daga telan da ya haife ni.
Shi ya nuna mini: ninka biyu, yanka rabi,
buɗe, sai ga zuciya.
Ni dai wadda na gani a mayankar Oko-Oba
duk jijiya ce da kitse,
amma wannan ce mutane ke biya.

Nkiru mai gyaran gashi ta sayi uku,
ta ce kada in tambaya. Ban tambaya ba.
Wani kwandasta da kiran Oshodi ya cinye wa murya
ya tsaya yana murza hula,
ya ce in rubuta masa abin da ake rubutawa.
Na ce, me take so?
Ya yi shiru har mota biyu suka wuce.
Ya ce, tana son a dawo gida da wuri.
Na rubuta: yau kafin magariba.
Ya biya, bai nemi ragi ba.

Sallau kuwa, shekara goma sha tara ke nan,
kalmar nan ba ta taɓa ratsa haƙoransa ba.
Kafin kiran assalatu ya kama hanyar kasuwa,
ya dawo da warin albasa da gajiya,
ya dubi tabarmar da na cika da furen takarda
ya ce, to ina zan sa ƙafa?
Iyakar hirarsa ke nan.

Daren jiya ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
ruwan kwata, da ledojinsa da komai.
Na farka na laluba ƙasa, gabana ya faɗi.
Kati arba'in na masu ɗaurin auren Asabar,
babu ko ɗaya.
Na haska waya.
Ga su a wajen kwanciyarsa,
an jera su daga matashi har ƙarshen katifa
yadda yake kasa albasa, manya gefe, ƙanana gefe.
Shi kuma yana kan kifaffen bokiti,
ƙafa cikin ruwa har idon sawu,
yana gyangyaɗi.

Da safe bai ce uffan ba.
Ya wanke ƙafa, ya kurɓi shayi, ya fita.
Sai da na ɗaga kofin na ga abin:
rasit ɗin jiya, an ninka shi biyu,
an yaga da yatsu,
gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙiba,
in gaskiya za a bi, ya fi kama da albasa.
A jikinsa da biro: buhu huɗu, saura dubu shida.

Na shafa masa sitaci a hankali,
na manna shi kan farin kati mafi kauri,
wanda na daɗe ina hana kaina taɓawa.
Na kwashe ruwan ɗaki, na shanya tabarma.

Da la'asar Nkiru ta leƙo ta taga,
ta nuna da haɓa, ta ce, wannan fa, nawa?
Na ce bai bushe ba tukuna.