Inda Aka Yanka

Shafi saba'in da uku na kai wa Barikisu
a shagonta na Aboabo, bayan tashar mota,
labari tiryan-tiryan, babu wurin shan iska.
Ta juya takardun, ta ce, "Mumuni, ina babi?
Yadi ma sai ya sha almakashi yake zama riga."

Na ce ta yanka duk inda ta ga dama.
Tana cikin dariya aka ɗauke wuta.

Da fitilar waya ta nuna mini shafi na sha tara:
uban yaro ya saɓi jaka da asuba,
ya ja ƙofa a hankali, matarsa na rawar zazzaɓi.
"In na rufe babi a nan,
mai karatu zai kwana da matsoraci,
ya ajiye littafi, ya yi tsaki, ya ja bargo.
In na ƙara masa layi shida
ya isa Kejetiya, ya sayar da rediyonsa, ya sayi magani,
to, uba ne.
Mutum ɗaya, ƙofa ɗaya. Almakashi ne alƙali."

Ban tanka ba.
Uban nan nawa ne, suna kawai na sauya masa.

Kakana, da goro ya kawo shi Kumasi, yakan ce
kowane goro da tsagarsa yake zuwa duniya,
nemi layin da farce, kada ka sa haƙori.
Kwana huɗu ina laluben layin.
Babin farko ya fito dogo kamar huɗubar baƙon liman.
Na biyar shafi ɗaya da rabi:
ruwa a kan kwano,
mace na ƙirga sidi bakwai, tana sake ƙirgawa.
Barikisu ta ce a haɗe shi da na shida, takarda ta yi tsada.
Na ƙi.
Farin da ya rage a ƙasan shafin,
a nan shekara biyu suka wuce
babu wanda ya ambaci sunansa a gidanmu.
Zan biya kuɗin farin.

"To na sha tara fa?"

Na ce ki yanka a bakin ƙofar.
Rediyon ya buɗe babi na gaba.
Bari mai karatu ya kwana da haushinsa,
gari na wayewa ya juya shafi, ya ji kunya.
Dare ɗaya kawai na ɗora masa.
Ni shekara talatin na yi
kafin ƙanwar uwata ta gaya mini ina rediyon ya tafi.